JESSE OWENS: JIKAN BAYI DA YA CI ZINARIYA HUƊU A BARLIN

Cikin watan Agusta na shekarar 1936, wani saurayi baƙar fata ɗan ƙasar Amurka, mai shekara 22 da haihuwa, ya ci lambobin zinariya 4 cikin mako guda a wasannin Olimpik na birnin Barlin, a gaban dubun dubatar ƴan kallo da manyan gwamnatin Hitila. Sunansa Jesse Owens. Da ya koma gida, mutanen birnin Niyok suka yi dafifi a bakin titi suna yi masa tafi. Amma sa'ad da ya isa babban otel na Waldorf-Astoria, inda aka shirya liyafa domin girmama shi, sai aka nuna masa na'urar da ake hawa da kaya bene, aka ce ta nan zai bi, don wadda manyan baƙi ke shiga ba a yarda baƙar fata ya sa ƙafa cikinta ba.

Masu ba da labarin Owens sun fi tsayawa a kan wannan mako guda na Barlin. Sai dai mako guda bai isa a san mutum ba. Kakanninsa bayi ne. Ubansa manomi ne da ke noma gonar wani. Shi kansa ya shiga jami'a, bai samu ya gama ba, sai ɗiyansa mata suka zo suka gama. Wannan tafiya ta gidan Owens, daga bauta zuwa ƴanci da ilimi, ta ci kusan shekara 100, kuma cikinta ne ake gane abin da lambobin nan 4 suka yi wa mai su, da abin da suka kasa yi masa.

GIDAN HENRY DA EMMA

An soke bauta a Amurka a shekarar 1865, bayan yaƙin basasa na shekara 4 tsakanin jihohin arewa da na kudu. Bayi kusan miliyon 4 suka samu ƴanci. Amma fa an sallame su hannu rabbana: ba gona, ba dabba, ba kuɗi. Ƙasar noma ta zauna hannun iyayengijinsu na da, saboda haka mafi yawansu suka faɗa noman kashe-mu-raba. Ga yadda abin yake: mai ƙasa ya ba manomi gona da ɗakin katako, ya ba shi iri da abinci bashi tun daga shuka har kaka, in an tsince auduga sai a raba, sa'an nan a cire bashi daga rabon manomi. Littafin lissafi kuwa yana hannun mai ƙasa, shi ke rubutawa, shi ke karantawa. Sau da yawa manomi ya kan ƙare shekara da bashin da ya fi na bara, ga shi ba ya da ikon tashi sai ya biya.

Irin wannan noma ne Henry Cleveland Owens ke yi a wani ɗan ƙauye mai suna Oakville, cikin jihar Alabama. Shi da matarsa Mary Emma Fitzgerald suna da ɗiya 10, maza 7 da mata 3. Autansu, James Cleveland, an haife shi ran 12 ga Satumba 1913. A gida ba a kiran sunan duka, sai haruffan farko guda biyu, J da C, waɗanda da Ingilishi ake faɗa "Je-Si".

Yaron bai tashi da ƙoshin lafiya ba. Ciwon ƙirji da na huhu sun sha kayar da shi lokacin sanyi, gidan kuwa babu kuɗin likita. Shi da kansa ya ba da labari cewa wata rana wani ƙulli ya fito masa a ƙirji, uwarsa ta ƙona wuƙar ɗakin girki, ta yanke shi da hannunta. Duk da haka bai tsira daga aikin gona ba: tun yana ɗan shekara 7 yake bin yayyensa tsintar auduga. Makaranta kuwa sai in aikin gona ya yi sauƙi.

Bayan talauci akwai dokokin wariya na jihohin kudu. Makarantar baƙi dabam, ta farare dabam. Haka wurin zama cikin jirgin ƙasa, haka asibiti, haka wurin shan ruwa. An toshe wa baƙar fata hanyar jefa ƙuri'a, wanda ya ɗaga kai kuma yana iya rasa ransa a hannun ƴan ta'adda ba tare da an hukunta kowa ba. Daɗin daɗawa, wani ƙwaro ya shiga gonakin audugar Alabama tun wajen 1910, yana cinye amfanin da ake rabawa.

ƘAURA ZUWA AREWA

Waɗannan dalilai ne suka tashi jama'a. Daga 1916 zuwa 1970 baƙaƙen fata kimanin miliyon 6 suka bar kudu suka nufi biranen masana'antu na arewa da na yamma. Gidan Owens ya bi wannan ayari sa'ad da autan ke da shekara 9. Suka shiga jirgin ƙasa sai Cleveland, babban birnin ƙere-ƙere na jihar Ohayo, inda uban da manyan ƴaƴansa maza suka samu aiki a ma'aikatar narka ƙarfe.

A can ne yaron ya samu sunan da duniya ta san shi da shi. Ran da ya shiga aji, malama ta tambaye shi sunansa, ya ce "Je-Si" da irin harshen mutanen kudu. Ita kuwa ta ji kamar ya ce Jesse, ta rubuta haka cikin littafin kiran suna. Yaron bai iya gyara ta ba, sunan ya bi shi har kabari.

Birni ya fi ƙauye, amma ba a zaune ake ci ba. In an tashi daga makaranta, Jesse ya kan tafi kai wa mutane cefane gida, ko lodin kaya cikin taragun jirgi, ko aiki a rumfar gyaran takalma. Da tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, ma'aikatu suka yi ta sallamar mutane, baƙar fata kuwa su aka fara kora. Aikin uban ya zama na yau akwai gobe babu, gidan ya dogara ga wanki da sharar da uwar ke yi a gidajen mutane, da ɗan abin da yaran ke kawowa.

MALAM RILEY DA RUTH

Mutum biyu da suka gyara rayuwar Jesse, duka a makarantar Fairmount ya gamu da su. Na farko shi ne malamin wasanni, Charles Riley, wani farar fata da ya ga yaron yana gudu a filin makaranta, ya lura da sauƙin ƙafarsa. Ya kira shi horo, yaron ya ce da marece yana aiki. Riley bai ce masa ya bar aikin ba, don ya san abin da gidan ke ciki. Sai ya mai da horon da sassafe, kafin a shiga aji. Ya kan kawo masa abin karin kumallo, ran Lahadi kuma ya kai shi gidansa su ci abinci tare da iyalinsa, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani. Ya koya masa ya riƙa taɓa ƙasa sama-sama kamar mai taka garwashi, kansa a miƙe, ba waige. Har ƙarshen ransa Owens yana cewa wannan malami shi ne tushen duk abin da ya zama.

Ta biyu ita ce Minnie Ruth Solomon. Sun san juna yana da shekara 15, ita tana da 13. A 1932 ta haifa masa ɗiya, aka sa mata suna Gloria, alhali dukansu yara ne, ba su da halin kama gida. Ruth ta bar makaranta ta kama aiki a shagon gyaran gashi, tana zaune wurin iyayenta da jaririyar. Sai ran 5 ga Yuli 1935 aka ɗaura musu aure, suka zauna tare shekara 44 da wani abu, har mutuwa ta raba.

A wannan shekara ta 1932 ya gwada shiga cikin ƴan wasan da za su wakilci Amurka a Olimpik, bai samu ba. Da shekara ta kewayo, a gasar ƴan makarantun sakandare da aka yi a Shikago, ya yi gudun yadi 100, wato mita 91 da ɗoriya, cikin sakan 9,4. Wannan daidai yake da bajintar duniya ta lokacin, wato iyakar saurin da aka taɓa rubuta wa wani ɗan Adam. Jami'o'i da yawa suka yi ta zawarcinsa, ya zaɓi ta jihar Ohayo da ke birnin Columbus.

MINTI 45 A ANN ARBOR

Jami'ar ba ta ɗauke masa kuɗin karatu ba. An dai samar masa aikin tuƙa na'urar hawa da kaya a wani ginin gwamnatin jiha, da shi yake biyan makaranta, yana aika wa gida. Ba a ba shi ɗaki cikin jami'a ba, sai a gari tare da sauran ɗalibai baƙaƙe. In ƙungiyar ta yi tafiya, sau da yawa fararen su shiga gidan abinci, shi da ƴan uwansa a miƙo musu nasu waje. Duk da haka, a hannun sabon mai horar da shi, Larry Snyder, ya ci gasar jami'o'in Amurka sau 8 cikin shekara biyu, 4 a 1935, 4 a 1936, abokan wasansa kuma suka zaɓe shi shugabansu, shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe irin wannan matsayi a jami'ar.

Ranar da masana wasanni suka fi jinjina wa ita ce 25 ga Mayu 1935, a garin Ann Arbor na jihar Mishigan. Kwanaki kaɗan kafin nan ya faɗo daga matakalar bene ya bugu a baya, har ana shawarar ya haƙura. Ya ce a bar shi ya gwada. Da ƙarfe 3 da kwata ya yi yadi 100 cikin sakan 9,4, ya sake yin daidai da bajintar duniya. Bayan minti 10 ya yi dogon tsalle sau ɗaya tak, ya dira a mita 8 da santimita 13. Sa'an nan ya yi yadi 220 cikin sakan 20,3. Da ƙarfe 4 ya yi yadi 220 na tsallake shinge cikin sakan 22,6. Cikin minti 45 ke nan ya kafa sabuwar bajintar duniya sau ukku, ya yi daidai da ta huɗu. Tsallen nan na mita 8,13 ya yi shekara 25 ba wanda ya wuce shi, sai a 1960 Ralph Boston ya ɗara shi.

MAKO GUDA A BARLIN

Hitila ya hau mulkin Jamus a 1933 da aƙidar cewa jinsin Jamusawa ya fi kowane jinsi, Yahudawa da baƙar fata kuwa su ne ƙasa. A 1935 ya kafa dokokin da suka tuɓe wa Yahudawa haƙƙin zama ƴan ƙasa. Ya so wasannin 1936 su zama shaidar aƙidarsa a idon duniya, ya gina fili mai cin mutum dubu 100. A Amurka an yi ta gardama ko a je ko a ƙaurace. Daga bisani masu cewa a je suka rinjaya. Ƙasashe 49 suka hallara. Cikin ƴan wasan Amurka akwai baƙar fata 18.

Ran 3 ga Agusta Owens ya ci mita 100 cikin sakan 10,3. Na biyu shi ne Ralph Metcalfe, shi ma baƙar fata ɗan Amurka. Kashegari aka yi dogon tsalle. A zagayen tankaɗe ya ɓata gwaji biyu, saura ɗaya a fitar da shi, ya natsu ya wuce. Da marece gasar ta zama tsakaninsa da gwanin Jamus, Luz Long, dogon saurayi mai farin gashi, irin siffar da gwamnatin ke alfahari da ita. Long ya kai mita 7,87, Owens ya kai 8,06. Wanda ya fara zuwa ya rungume shi, a gaban idon manyan gwamnati, shi ne Long ɗin nan, suka zagaya fili hannu cikin hannu. Owens ya sha ba da labarin cewa Long ne ya ba shi shawarar ya ja baya kaɗan kafin gwajinsa na ukku da safe. Masu bincike na baya sun yi shakkar wannan, amma rungumar kam hotuna sun tabbatar da ita.

Ran 5 ga wata ya ci mita 200 cikin sakan 20,7. Ta huɗun ta zo ran 9 ga wata, a gudun miƙa sanda na mutum huɗu, kowa mita 100. Da farko ba ya cikin waɗanda aka zaɓa. Da safiyar ranar fara gudun, shugabannin ƙungiyar suka cire Marty Glickman da Sam Stoller, Yahudawa biyu, suka sa Owens da Metcalfe. Shugabannin sun ce mafi sauri suke nema. Glickman kuwa har ya mutu yana cewa an yi haka ne don kada a kunyata Hitila, ya kuma shaida cewa Owens ya roƙa a bar su su yi gudunsu, aka ce masa ya yi abin da aka umurce shi. Owens da Metcalfe da Foy Draper da Frank Wykoff suka gama cikin sakan 39,8, sabuwar bajintar duniya. Baƙaƙen nan 18 suka koma gida da lambobi 14, ko da yake a jimlar lambobi Jamus ce ta zo ta ɗaya.

Akwai maganar da ta bazu cewa Hitila ya ƙi gaisawa da Owens. Ga yadda abin ya faru: ranar farko Hitila ya kira wasu da suka ci, Jamusawa da ƴan Finlan, ya yi musu barka a bainar jama'a. Shugaban kwamitin Olimpik ya ce masa ko ya gai da kowa, ko ya bar kowa. Ya zaɓi ya bar kowa, tun kafin Owens ya ci lambarsa ta farko. Jama'ar Jamus kuwa sunansa suke kira cikin fili, suna bin sa ya sa musu hannu a takarda. Owens da kansa ya ce wanda ya yi biris da shi shugaban ƙasarsa ne, Franklin Roosevelt, wanda bai gayyace shi fada ba, bai ko buga masa wayar barka ba.

ZINARIYA BA TA CIKA CIKI

Da aka rufe wasanni, hukumar guje-guje ta Amurka ta ɗebi ƴan wasan ta yi ta yawo da su biranen Turai, ana biyan kuɗin kallo, kuɗin na shiga aljihun hukuma, su kuwa ba a ba su kome ba, don dokar lokacin ta hana ɗan wasan Olimpik karɓar lada. Owens ya gaji, ga mata da ɗiya da tsofaffi suna jiransa, ga kuma wasiƙu daga Amurka ana yi masa alkawarin dubban daloli. Da aka ce a wuce Suwidin, ya ce shi gida za shi. Nan take hukumar, ƙarƙashin Avery Brundage, ta dakatar da shi. Mutumin da ya fi kowa sauri a duniya bai sake shiga wata babbar gasa ba, yana da shekara 22.

Alkawuran kuwa yawancinsu suka bi iska. Da kuɗin farko da suka shigo hannunsa ya saya wa iyayensa gida a Cleveland, ya saya wa Malam Riley mota. Henry da Emma, waɗanda suka yi rabin rayuwarsu cikin ɗakin wani, suka ƙare kwanakinsu a gidan kansu. Uwar ta rasu a 1940, uban bai daɗe ba ya bi ta.

Daga nan sai neman abinci ta kowace hanya. Cikin Disamba 1936 ya yi tsere da doki a Habana, babban birnin Kuba, ya kuma ci gaba da irin wannan a filayen wasa na ƙananan garuruwa. Dabarar ita ce a harba bindigar tashi kusa da kunnen dokin, kafin ya dawo hayyacinsa mutum ya yi nisa. Mutane suka ce wannan ƙasƙanci ne ga zakaran duniya. Amsar da ya kan bayar ita ce yana da zinariya huɗu, amma ba a cin zinariya. Ya buɗe shagon wankin tufafi, shagon ya karye, a 1939 kotu ta tabbatar ba ya iya biyan bashinsa. Ya koma jami'a don ya ƙarasa karatu, bai samu ya kai ƙarshe ba. Lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi aiki a kamfanin motoci na Ford a Detroit, yana kula da sha'anin ma'aikata baƙar fata. A cikin wannan yaƙi ne abokinsa Luz Long ya rasu, a 1943, bayan an yi masa rauni a tsibirin Sisili na Italiya.

GIRMA BAYAN WUYA

Al'amura sun fara daidaita bayan da ya koma Shikago a 1949. Ya gano cewa yana da baiwar magana, ya zama mai jawabi a tarurruka da makarantu, yana aiki da ƙungiyoyin yara marasa galihu, yana kuma shiri a gidan rediyo. A 1951 ya koma filin Barlin, mutum dubu 75 suka tarbe shi. A 1955 gwamnatin Eisenhower ta aike shi Indiya da Malaya da Filifin a matsayin jakadan wasanni. Sunansa ya kai har Afirka ta Yamma, inda aka sa wa wani titi na tsakiyar Abijan sunan Jesse Owens. Duk da haka sha'anin kuɗi bai bar shi ba: a 1966 kotu ta ci shi tara saboda rashin biyan haraji.

Jarrabawa mafi zafi ta zo masa daga ƴan uwansa. A wasannin Meziko na 1968, Tommie Smith da John Carlos suka ɗaga dunƙulallen hannu a kan dandalin karɓar lamba, don nuna ƙin wariyar da ake yi wa baƙar fata. Kwamitin Olimpik na Amurka ya tura Owens ya lallashi samarin, suka ƙi saurarensa, wasu suka kira shi ɗan amshin shatan farare. Shi ya tashi a Alabama inda ɗaga kai ke jawo mutuwa, ya yi imani da haƙuri da aiki. Su kuwa sun ga haƙurin ya yi yawa. A 1970 ya fitar da littafi mai suna Blackthink yana sukar masu zafin ra'ayi. Wasiƙun da suka biyo baya suka sa ya sake tunani, bayan shekara biyu ya fitar da wani, I Have Changed, ma'ana ya sake ra'ayi, inda ya amsa cewa masu fafitikar suna da gaskiyarsu. Ba kowane dattijo mai suna ke iya yin haka a bainar jama'a ba.

A 1972 jami'ar Ohayo ta ba shi digirin girmamawa. A 1976, shekara 40 bayan Barlin, shugaba Gerald Ford ya kira shi fada ya rataya masa Lambar Ƴanci, wadda ita ce mafi girma da shugaban Amurka ke ba farar hula. Amma akwai abokin gaba da ya daɗe yana ɗauke da shi cikin aljihu: shekara 35 yana shan kwalin taba guda kowace rana. Ciwon daji ya kama huhunsa, ya rasu ran 31 ga Maris 1980 a Tucson, jihar Arizona, yana da shekara 66. Aka kai shi Shikago aka rufe.

ƊIYA DA JIKOKI

Owens mutum ne mai yawan tafiya, wani lokaci wata da watanni ba ya gida. Ruth ce ta riƙe gidan, ta tarbiyyantar da ɗiyansu mata ukku, Gloria da Beverly da Marlene. Gloria ta gama jami'ar Ohayo ta zama malamar makaranta a Shikago. Marlene ita ma can ta yi karatu, a 1960 kuma ɗalibai suka zaɓe ta sarauniyar bikinsu na shekara, baƙar fata ta farko da ta samu wannan, a jami'ar da ta hana ubanta ɗakin kwana. Uban yana tsaye a filin ran da aka naɗa ta. Bayan rasuwarsa, Ruth da ɗiyan suka riƙe wata gidauniya mai sunansa wadda ta taimaki yara masu ƙaramin ƙarfi su yi karatu. Ruth ta rasu a 2001.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ranar buɗe wasannin Los Angeles na 1984, wadda ta shigo fili da gudu riƙe da wutar Olimpik ita ce Gina Hemphill, ɗiyar Gloria. A waɗannan wasanni ne Carl Lewis, shi ma haifaffen Alabama, ya ci zinariya a fannonin nan huɗu da Owens ya ci. A wannan shekara kuma birnin Barlin ya sa wa titin da ke kusa da filin sunan Jesse Owens. A 2009, da aka yi gasar duniya a wannan fili, jikarsa Marlene Dortch da iyalin Luz Long su suka miƙa lambobin dogon tsalle tare. A 2016 shugaba Barack Obama ya karɓi iyalan baƙaƙen nan 18 a fadar gwamnati, ya biya gaisuwar da aka hana iyayensu shekara 80 da suka wuce.

Zinariyar da mai ita ya ce ba a ci, ɗaya daga cikinta an yi gwanjonta a 2013, aka saye ta sama da dalar Amurka miliyon 1 da dubu 400, shekara 33 bayan an rufe shi.

A Oakville kuwa, inda aka fara, an buɗe wani lambun tunawa da shi a 1996. An gina ɗakin katako irin wanda Henry da Emma suka zauna ciki da ɗiyansu 10, kusa da shi an haƙa ramin yashi na dogon tsalle. Yaran makaranta, baƙaƙe da farare, su kan zo su leƙa ɗakin, sa'an nan su ja da baya su sheƙo da gudu su yi tsalle, su ga inda ƙafarsu ta dira da inda ta autan Emma ta dira.